Kolkhoz: Kalmar da Ta Yi wa Manomin Rasha Alkawarin Mallaka

Duk wanda ya karanta tarihin Tarayyar Sobiyet, ko ya bi labarin yunwar da ta auka wa Yukren da Kazakistan a farkon shekarun 1930, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kalmar kolkhoz. Masu fassara kan sallame ta da cewa gonar haɗin gwiwa ce, su wuce. Fassarar ba ta kauce wa gaskiya ba, sai dai ta yi wa kalmar kaɗan, domin wannan kalma ta ɗauki rayuwar miliyoyin manoma na tsawon shekara 60, kuma har yau tana bakin Rashawa da wata ma'ana da waɗanda suka ƙirƙire ta ba su taɓa nufa ba.

Kolkhoz ba tsohuwar kalma ba ce a Rashanci. An ƙera ta ne bayan juyin juya halin 1917, ta hanyar yanko kawunan kalmomi biyu a liƙa su wuri guda: kol daga kollektivnoye, wato na tarayya ko na gama-kai, da khoz daga khozyaystvo. A rubuce ana ganin wasalin o sau biyu, amma idan ɗan Rasha ya furta ta, abin da kunne zai ji ya fi kusa da kalkhos, saboda a harshensu wasalin o da ba a ɗora wa nauyin murya ba yakan karkata zuwa a, harafin z kuma idan ya zo a ƙarshen kalma yakan koma s. Shi kuwa kh ɗin da ke tsakiya sautin maƙogwaro ne, irin wanda duk almajiri ya sani a harafin kha na Larabci, kamar a kalmar khairi. Irin wannan guntule kalmomi ya zama yayi a farkon mulkin 'yan Bolshebik, wato 'yan jam'iyyar kwaminis ta Lenin da suka karɓi mulki a 1917, lokacin da sababbin masu mulki suke ganin sabuwar duniya tana bukatar sabon harshe. A maƙerar nan aka fitar da Komsomol, ƙungiyar matasan jam'iyya, da Gosplan, hukumar tsara tattalin arziki, da Komintern, haɗakar jam'iyyun kwaminis na duniya.

Rabi na biyu na kalmar shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Khozyaystvo kalma ce mai faɗi ƙwarai, wadda ba ta da takwara guda ɗaya a Hausa. Tana nufin gida da duk abin da ya ƙunsa, tana nufin gona da dabbobinta da kayan aikinta, tana kuma nufin sha'anin tafiyar da dukiya, har ta kai idan an haɗa ta da kalmar jama'a sai ta ba da ma'anar tattalin arzikin ƙasa baki ɗaya. Tushenta shi ne khozyain, wato mai gida, mai abu, mutumin da ake tambaya kafin a taɓa kaya, kuma masana harshe da yawa suna danganta ta da kalmar Farisanci khwaja, wadda ta shigo Rashanci ta bakin al'ummomin Turkawa. Saboda haka abin da kolkhoz ke faɗa a zahirin lafazinta shi ne dukiyar da jama'a suka mallaka tare, suke kuma juya ta tare. A ganina duk tarihin wannan kalma yana rataye ne a kan tambaya guda: a cikin kolkhoz, wane ne khozyain?

Daga wannan tushe wasu kalmomi suka tsiro. Jam'inta kolkhozy, namijin da ke cikinta kolkhoznik, mace kolkhoznitsa, duk abin da ya shafe ta kuma kolkhozny. Harsunan maƙwabta sun bi salon ƙirar da kalmominsu, mutanen Yukren suka ce kolhosp, na Belarus suka ce kalhas. Ingilishi da Faransanci da Jamusanci kuwa arar ta suka yi yadda take, da ɗan sauyin rubutu, domin sun ga fassara ba za ta kawo ainihin abin ba.

Akwai wata kalma da ake yawan cakuɗa ta da ita, wato sovkhoz, daga sovetskoye khozyaystvo. Ita wannan gona ce ta gwamnati kai tsaye, masu aiki a cikinta ma'aikata ne kamar na masana'anta, suna karɓar albashi ko an yi amfani ko ba a yi ba. Kolkhoz kuwa a bisa doka ƙungiyar manoma ce mai zaman kanta, mambobinta su ke zaɓen shugabansu, su ke raba abin da suka noma. A takarda, ke nan, ɗan kolkhoz ya fi ɗan sovkhoz daraja, tunda shi mai hannun jari ne, wancan kuma ɗan ƙwadago. A aikace abin ya juye. Da yake ɗan kolkhoz ba ma'aikacin gwamnati ba ne, gwamnati ba ta ɗauki nauyin biyansa ba, ba ta ba shi fansho ba, amma kuma ita ke faɗa masa abin da zai shuka, da ranar da zai shuka, da yawan abin da zai miƙa mata, da farashin da za ta saya.

Da farko abin bai zo da tilas ba. Washegarin juyin juya halin Oktoba na 1917 gwamnatin Lenin ta fitar da dokar ƙasa wadda ta ƙwace filayen manyan masu gonaki da na coci, manoma suka rarraba su a tsakaninsu. A shekarun da suka biyo baya an sami ƙungiyoyin noma iri uku da duk ake kira kolkhoz. Akwai kommuna, inda ake haɗa komai, har kaji da tukunyar girki. Akwai artel, inda ake haɗa gona da dawakin huɗa da manyan kayan aiki, amma kowa ya riƙe gidansa da ɗan lambunsa. Akwai kuma wadda ake taƙaita sunanta da TOZ, inda aikin kawai ake yi tare, kowa da kayansa. Manoma ba su yi rububin shiga ko ɗaya daga cikinsu ba. Har zuwa 1928, gidajen manoma da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ba su kai 2 cikin 100 ba, domin mutumin da bai daɗe da samun gonar kansa ba, bayan kakanninsa sun yi ƙarnuka suna bauta a gonar wani, ba ya saurin sakin ta.

Abin da ya sauya lamarin shi ne hatsi. Josef Stalin, wanda ya riƙe ragamar mulki bayan Lenin, yana son gina manyan masana'antu cikin gaggawa, hakan kuwa na bukatar abinci mai arha ga ma'aikatan birane, da kuma alkamar da za a fitar waje a sayo injuna. Gwamnati ta sa farashin hatsi ƙasa, manoma kuma suka yi abin da kowane manomi zai yi, suka riƙe hatsinsu a rumbu ko suka ciyar da dabbobi. Babban taron jam'iyya na 15, a watan Disamba na 1927, ya amince da manufar haɗa gonaki, a Janairun 1928 kuma Stalin ya tafi Saibiriya da kansa ya ba da umarnin a karɓe hatsi da ƙarfi. Lissafin mai sauƙi ne: karɓar hatsi daga gidaje kusan miliyan 25 da ke warwatse aiki ne mai wuya, amma karɓarsa daga rumbunan manyan gonaki, kowacce da shugaba guda da za a iya kamawa, abu ne da hukuma za ta iya.

A ranar 27 ga Disamba, 1929, Stalin ya shelanta cewa za a kawar da kulak a matsayin rukunin jama'a. Asalin ma'anar kulak ita ce dunƙulen hannu, kuma a ƙauye ana kiran mai cin bashi da ruwa ko mai matse talakawa da wannan suna. A bakin jam'iyya sai kalmar ta faɗaɗa, ta haɗa da mai shanu biyu, da wanda ya taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago lokacin girbi, daga baya ma da duk wanda ya ƙi sa hannu a takardar shiga kolkhoz, ko da ba shi da komai. An aiko da ma'aikatan masana'antu sama da 25,000 daga birane domin su jagoranci aikin, da yawansu ba su taɓa riƙe garma ba. A tsakanin 1930 da 1931 an kwashe mutane kimanin miliyan 1.8 aka kai su yankunan Ural da Saibiriya da Kazakistan da arewa mai tsananin sanyi, maza da mata da yara, dukiyarsu kuma ta zama jarin farko na sababbin kolkhoz. Zuwa farkon Maris na 1930 an rubuta fiye da rabin gidajen manoman ƙasar a matsayin mambobi.

Manoma ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. 'Yan sandan ciki na lokacin sun rubuta tarzoma sama da 13,000 a ƙauyuka a shekarar 1930 kaɗai, kuma mata ne a gaba a da yawa daga cikinsu, suna ɓalle rumbuna suna kwaso irin shuka, suna janyo shanunsu daga garken tarayya. Jita-jita ta bazu cewa a kolkhoz har mata za a haɗa, kowa ya kwana ƙarƙashin bargo guda, wasu kuma suka ɗauke ta alamar tashin duniya, musamman da yake ana rufe coci-coci ana sauke ƙararrawarsu a lokaci guda. Amma babbar turjiyar ta faru ne da wuƙa. Manomi ya gwammace ya yanka saniyarsa ya ci da ya kai ta garken da ba nasa ba, waɗanda aka kai kuma da yawa suka mutu saboda rashin kulawa da rashin abinci. Tsakanin 1928 da 1933 ƙasar ta rasa kusan rabin shanunta da rabin dawakinta, tumaki da awaki kuwa wajen kashi biyu cikin uku suka tafi. A ranar 2 ga Maris, 1930, Stalin ya buga wata maƙala a jaridar Pravda yana ɗora laifin wuce gona da iri a kan ƙananan jami'ai, yana cewa nasara ce ta juya musu kai, yana kuma jaddada cewa shiga kolkhoz ganin dama ne. Manoma suka ɗauki maganar da gaske, suka fice da yawa har adadin ya koma wajen kashi ɗaya cikin biyar. Bayan an kammala girbi sai matsin ya dawo, ta hanyar haraji mai nauyi a kan duk wanda ya tsaya shi kaɗai, kuma zuwa 1936 kusan 90 cikin 100 na gidajen manoma suna ciki.

A tsakiyar wannan aka yi yunwar 1932 zuwa 1933. Amfanin gona ya ragu, adadin da gwamnati ta yanka wa kowace kolkhoz ya fi ƙarfin abin da aka girbe, masu karɓa kuma suka share rumbuna har da irin shuka. Dokar 7 ga Agusta, 1932, ta mai da dukiyar kolkhoz daidai da ta gwamnati, ta kuma yanke hukuncin kisa, ko ɗaurin shekara 10 idan an yi sassauci, ga wanda ya saci wani abu daga cikinta. Jama'a suka sa mata suna dokar zangarniya, saboda an hukunta mutane da ita a kan kalar da suka yi a gonar da aka riga aka girbe. Wannan doka ita ce amsa mafi bayyana ga tambayar da na yi a baya, domin mai abu ba ya zama ɓarawo don ya tsinci zangarniya a gonarsa. A Janairun 1933 aka hana manoman Yukren da na yankin Kuban fita neman abinci. Mutane kusan miliyan 4 suka mutu a Yukren, abin da a can ake kira Holodomor, wato kisa ta hanyar yunwa. A Kazakistan, inda aka tilasta wa makiyaya masu yawo su zauna wuri guda aka kuma karɓe dabbobinsu, kimanin miliyan 1.5 suka mutu. Yankunan kogin Bolga da arewacin Kaukasus su ma sun yi asarar rayuka masu yawa.

Bayan wannan bala'i ne tsarin ya zauna a siffar da ya daɗe da ita. A Fabrairun 1935 aka fitar da kundin ƙa'idoji na bai-ɗaya wanda ya ɗauki artel a matsayin samfuri. Ƙasa ta gwamnati ce, amma an ba kolkhoz ita ta yi amfani da ita har abada. Babban taron mambobi shi ke zaɓen shugaba, wanda ake kira predsedatel, ko da yake kowa ya san cewa ofishin jam'iyya na gunduma ne ke kawo sunan, taro kuma ya ɗaga hannu. An raba mambobi rukuni-rukuni, kowane da madugunsa. Taraktoci da injunan girbi ba a hannun kolkhoz suke ba, suna wasu tashoshin gwamnati da ake kira MTS, waɗanda ke zuwa su yi huɗa da girbi a biya su da hatsi. Tashar nan ido ce ta hukuma a cikin ƙauye, domin wanda ya girbe maka gona ya san iyakar abin da ka samu.

Yadda ake biyan manomi shi ne wurin da kalmar tarayya ta fi yin nisa da gaskiya. Ma'aunin shi ne trudoden, wato ranar aiki, amma ba rana ce ta fitowar rana zuwa faɗuwarta ba, maki ne da ake ba kowane aiki gwargwadon darajar da aka sa masa, ta yadda mai tuƙa tarakta zai iya samun maki da yawa a yini guda, mai cirar ciyawa kuma ta wuni ba ta cika ɗaya ba. Madugu yakan ja ɗan layi a littafi a gaban sunan mutum. A ƙarshen shekara, bayan an cire kason gwamnati, an biya tashar taraktoci, an ware iri da abincin dabbobi da bashi, sai a raba abin da ya rage a kan jimillar makin kowa. A shekara mai kyau mutum ya sami hatsi da ɗan kuɗi. A shekara mara kyau, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, akwai kolkhoz da yawa da ba su raba ko kwabo ba, har manoma suka riƙa cewa suna aiki ne don 'yan sanduna, suna nufin layukan nan na littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga 1939 kuma aka sa mafi ƙarancin makin da dole kowa ya cika a shekara, wanda ya kasa yana iya rasa lambunsa.

Ficewa ma ba ta da sauƙi. A Disambar 1932 aka shigo da fasfo na cikin gida, wanda sai da shi mutum zai zauna a birni ya sami aiki, aka ba mutanen birane da ma'aikata, aka tsallake 'yan kolkhoz. Matashin da ke son barin ƙauye sai ya nemi takarda daga hukumar ƙauye da yardar shugaban kolkhoz, ko ya bi ta hanyar aikin soja, ko karatu, ko ɗaukar ma'aikata zuwa wuraren gine-gine. Kakannin waɗannan mutane sun kasance bayin ƙasa har zuwa 1861, lokacin da Sarki Alekzanda na Biyu ya soke tsarin, saboda haka ba su rasa abin da za su kwatanta halinsu da shi ba. Haruffan da ake taƙaita sunan jam'iyya da su a lokacin, VKP, manoma sun sake musu fassara a asirce, suka ce suna nufin bautar ƙasa ta biyu. Daga wannan zamani ne kuma wata magana ta fito da Rashawa ke yi har yau, cewa kolkhoz ai ganin dama ne, wadda ake faɗa wa mutum idan an ba shi zaɓin da ba zaɓi ba ne.

To, da me mutane suka rayu? Da ɗan filin da ke bayan gida. Kundin 1935 ya bar wa kowane gida tsakanin rubu'in hekta da rabin hekta, a wasu yankuna har hekta guda, da saniya ɗaya, da 'yan ƙananan dabbobi da kaji. A nan ake noma dankali da kabeji da albasa, daga nan ake samun madara da ƙwai, rarar kuma a kai kasuwar birni da ake kira kasuwar kolkhoz, inda farashi ke bin ciniki. Waɗannan 'yan filaye ba su wuce wajen 3 cikin 100 na ƙasar da ake nomawa ba, amma ko a shekarun baya-bayan mulkin Sobiyet suna samar da kusan rubu'in duk amfanin gonar ƙasar. Mai karatu Bahaushe zai ga kamanni da gandu da gayauna, kuma kamannin na nan: babbar gona da ake yi wa aiki tare, da ƙaramar da mutum ke zuwa bayan ya tashi daga babbar. Sai dai a gandu mai gida yana da haƙƙin da ya hau kansa, shi ke ciyar da gida daga rumbun gandu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa 'ya'ya aure, kuma ɗa yana sa ran gado. A kolkhoz ta zamanin Stalin wanda ke ɗaukar kason farko yana Mosko, bai ɗauki alkawarin ciyar da kowa ba, babu kuma gadon da ake jira. Wannan ne ya sa nake ganin fassara kolkhoz da gandu kawai, ko kwatanta ta da gayya, zai ɓatar da mai karatu.

A harshen hukuma kuwa kalmar tana sheƙi. An riƙa sa wa gonakin sunaye irin su Hanyar Lenin, Jan Oktoba, Alfijirin Kwaminisanci. An sa wa wani dandali a Mosko da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wurin suna Kolkhoznaya, wani gari a Tajikistan ya zama Kolkhozabad, har wani ɗan itace dangin kankana mai rawayar ɓawo aka raɗa masa kolkhoznitsa, sunan da ake sayar da shi da shi har yanzu. Mafi shahara shi ne mutum-mutumin ƙarfe da Vera Mukhina ta ƙera domin baje kolin duniya na Paris a 1937, mai tsawon mita 24 da ɗoriya: ma'aikaci ɗauke da guduma, 'yar kolkhoz ɗauke da lauje, sun ɗaga su sama tare. Daga baya ya zama tambarin kamfanin shirya fina-finai na Mosfilm. An ƙera shi shekara huɗu kacal bayan yunwar, kuma macen da yake wakilta ba ta da takardar da za ta ba ta damar zuwa Mosko ta zauna.

Gidan Mikhail Gorbachev, shugaban ƙarshe na Tarayyar Sobiyet, ya isa misali na yadda abin ya ratsa iyalai ta kowane ɓangare. An haife shi a 1931 a ƙauyen Privolnoye na yankin Stavropol. Kakansa na wajen uba ya ƙi shiga kolkhoz, aka kama shi a 1934 bisa zargin rashin cika adadin shuka, bayan yunwa ta kashe wasu daga cikin 'ya'yansa. Kakansa na wajen uwa kuwa shugaban kolkhoz ne, shi ma aka kama shi a 1937. Shi kansa Gorbachev ya yi aikin injin girbi tare da mahaifinsa yana matashi, lambar yabon da ya samu a kan wannan aiki ta taimaka masa zuwa jami'a a Mosko.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 rayuwa ta yi sauƙi sannu a hankali. Tun daga 1950 aka fara haɗe ƙananan kolkhoz, adadinsu ya sauko daga kusan 250,000 zuwa ƙasa da 100,000 cikin 'yan shekaru. Nikita Khrushchev, wanda ya gaji Stalin a shugabancin jam'iyya, ya ƙara farashin da gwamnati ke saye, a 1958 kuma ya rushe tashoshin taraktoci ya sayar wa kolkhoz injunan, abin da ya jefa da yawansu cikin bashi. Dokar fansho ta 'yan kolkhoz ta zo a 1964, albashi tabbatacce ya maye gurbin makin aiki a 1966, shawarar ba su fasfo kamar kowa kuma sai a 1974. Adalci ne a faɗi cewa a wannan zamani kolkhoz ta zama gatan ƙauye ta fuskoki da dama, ita ke gina makarantar yara da ɗakin taro, ita ke gyara hanya, ita ke ba da mota idan za a kai mara lafiya asibiti, kuma akwai waɗanda suka yi arziki sosai a ƙarƙashin shugabanni masu ƙwazo. Amma noman bai taɓa wadatar da ƙasar ba. Daga 1963 Tarayyar Sobiyet ta fara sayen hatsi mai yawa daga ƙasashen waje irin su Kanada da Amurka, kowace kaka kuma ana kwasar ɗalibai da sojoji da ma'aikatan ofis zuwa gonaki su tono dankali, a Uzbekistan kuma har yaran makaranta ake fitarwa tsinkar auduga.

Tsarin ya tsallaka iyaka bayan yaƙin duniya na biyu. An kafa shi a ƙasashen Baltik, inda kwashe dubban iyalai zuwa Saibiriya a Maris na 1949 ya karya turjiyar manoma, an kuma kwaikwaye shi a Jamus ta Gabas da Cekoslobakiya da Hangari da sunaye na gida. A Polan yawancin gonakin haɗin gwiwar sun watse a 1956, manoma suka ci gaba da riƙe filayensu.

A ƙarshen shekarun 1980 kolkhoz ɗin da suka rage ba su kai 30,000 ba. A Disambar 1991, daidai lokacin da Tarayyar ke rushewa, gwamnatin Boris Yeltsin ta ba da umarnin a sake musu fasali, aka mai da su kamfanoni ko ƙungiyoyin gama-kai, aka ba kowane mamba takardar kaso na fili. A Yukren umarnin Shugaba Leonid Kuchma na Disambar 1999 ya yi irin wannan aiki. A karon farko ɗan kolkhoz ya zama khozyain a idon doka, amma sau da yawa kason yana takarda ne kawai ba a shata shi a ƙasa ba, mutumin kuma ya tsufa, ba shi da tarakta, ba shi da jari. Da yawa suka sayar da kasonsu da arha ko suka ba da haya ga manyan kamfanonin noma, waɗanda a yau su ke da babban hannu a alkamar da Rasha ke fitarwa duniya.

Kalmar ba ta mutu tare da tsarin ba, kuma inda ta koma shi ne abin da ya fi damuna. A bakin ɗan birni na yau, kolkhoz na nufin ƙauyanci da rashin iya ado. Idan mutum ya cika motarsa da fitilu da tarkacen ƙawa, sai a ce kolkhoz ce. Idan an yi gyara na jeka-na-yi-ka, an ɗaure abu da waya, akwai aikatau da aka ciro daga kalmar, kolkhozit, mai nufin yin irin wannan aiki. Kolkhoznik kuwa ya zama zagi, daidai da a ce wa mutum bagidaje, kuma masu adawa da Shugaban Belarus Alekzanda Lukashenko sun daɗe suna jifansa da ita, ko da yake gonar da ya shugabanta kafin ya shiga siyasa sovkhoz ce. Akwai amfani guda mai taushi da ya rage, inda ake cewa mutane sun zo duk kolkhoz ɗinsu, ma'ana sun zo gayya guda, babba da yaro. Raini dai shi ya fi yawa, kuma bai sauka a kan waɗanda suka tsara abin ba. Ya sauka ne a kan mutanen da aka karɓe wa shanu, aka biya su da layuka a littafi, aka hana su fasfo sama da shekara 40, aka ciyar da birane da guminsu, sannan jikokin waɗanda suka ci abincin suka mai da sunansu abin dariya.

A ƙauyukan kansu kalmar ba ta ɗauki wannan launi ba. Tsofaffi da yawa a karkarar Rasha da Yukren da Belarus har yanzu kolkhoz suke kiran kamfanin da ya gaji gonar, ko da sunansa ya sauya sau uku, shugabansa kuma predsedatel suke ce masa. Idan suka ba da labarin zamanin kolkhoz, galibi shekarun 1970 suke nufi, lokacin da akwai albashi a ƙarshen wata, makarantar ƙauye cike take da yara, garken shanun da yanzu rufinsa ya rufta kuma yana da masu tatsa da suke tashi tun kafin asuba.